Kuɓucewar Fitsari Ga Mata: Faɗakarwa Ga 'Yan'uwanmu Mazauna Jidda

An rubuta wannan takarda ne domin iyayenmu da yayyenmu da ƙannenmu mata mazauna Jidda, daga Karantina da Gulail har Sabil da Hindawiyya, da kuma baƙin Allah masu sauka a filin jirgin sama na Sarki Abdul'aziz kan hanyarsu ta Makka. Magana ce da kunya ta daɗe da binnewa. Mace ta yi tari ko atishawa, ko ta tuntsire da dariya a gidan biki, ko ta sunkuya ta ɗauki jarkar Zamzam, sai ta ji ɗan fitsari ya kuɓuce mata ba da son ranta ba. Ta ja bakinta ta yi shiru, ta ce ai girma ne, ko kuwa haihuwa ce ta gaji haka. To, a sani larura ce mai magani, kuma matakin farko na maganinta ba ya cin ko riyal ɗaya.

Kada a haɗa wannan da yoyon fitsarin da ake yi wa aiki a Babbar Ruga ta Katsina da asibitin Murtala na Kano. Wancan huda ce da doguwar naƙuda ke yi wa mafitsara, fitsari na zuba dare da rana, sai an yi ɗinki. Wannan kuwa rauni ne na tsoka. A ƙasan mara, daga ƙashin gaba zuwa ƙashin baya, Allah Ya shimfiɗa wata tsoka mai tallafe mafitsara da mahaifa da dubura, tana kuma tsuke hanyar fitsari kamar yadda zariya ke tsuke wando. Goyon ciki da haihuwa a kai a kai na sa ta saki. Haka ma ƙiba, da tarin da ya daɗe, da yawan nishi saboda taurin bayan gida, da ɗaukar kaya masu nauyi, da shekarun yankewar al'ada. Tsoka kuwa ko ta ina ce a jiki, in ana motsa ta tana ƙarfi.

Wani likitan mata a Amurka, Arnold Kegel, shi ya bayyana wannan motsa jiki a shekarar 1948, har ake kiran sa da sunansa. Ga yadda ake yi. Ki kwanta rigingine, ki lanƙwashe gwiwoyi, ki ɗora hannu ɗaya a kan cibiya. Ki matse kamar iska na son fita kina cikin mutane kin hana ta, ki haɗa da matse gaba kamar mai riƙe fitsari, sa'an nan ki ja abin ciki, ya yi sama. Ki riƙe kina ƙirgawa har uku ko biyar, ki saki sarai, ki huta daidai tsawon riƙewar, ki sake. Da tafiya ta yi nisa za ki kai goma. Bayan waɗannan na riƙewa, ki yi 'yan na sauri, matse saki, matse saki.

A nan ne akasarin mata ke ɓata aikin, don haka a natsu. In hannun da ke kan cibiya ya ji ciki ya ƙame ya turo, ba tsokar kika kama ba. In cinyoyi suka haɗe ko mazaunai suka ɗaga daga shimfiɗa, ba ita ba ce. In kika riƙe numfashi har fuska ta murtuke, to nishi kike yi, ƙasa kike turawa, wannan kuwa ƙara wa Barno dawaki ne. Mai yi daidai tana iya yi tana hira da maƙwabciyarta ba a gane ba. Kada kuma a mai da shi ɗabi'a a riƙa tsai da fitsari ana tsakar yi, domin yana hana mafitsara juyewa duka.

Hukumar da ke tsara wa likitocin Ingila ƙa'idojin aiki ta ce a yi aƙalla matsa 8, sau 3 a yini, har wata 3 a ƙarƙashin kulawar gwani, kafin a yi zancen tiyata. Mu da ke da salloli biyar ba mu rasa abin tuni ba: bayan Asuba, bayan La'asar, bayan Lisha. In hannu ya faɗa, a yi a zaune, a yi a tsaye, a yi cikin jirgin ƙasa na Haramaini. Kuma ki koyi matsewa tun kafin tarin ya fito ko kafin ki ɗaga jika. Mai jego kada ta jira sai abin ya same ta, ta fara a hankali da zarar ungozoma ko likita ta ba ta izini.

Sai abubuwa biyu da muke roƙo a bari. Na farko ƙin shan ruwa don gudun ɗiga. A zafin Jidda da gumin bakin teku wannan ganganci ne, fitsari ya yi kauri ya dami mafitsara, bayan gida ya yi tauri, ga tsakuwar ƙoda. Abin ragewa shi ne shayi da gahawa da lemon kwalba, da shisha mai jawo tari. Na biyu cushe-cushen kayan matsi da alif da ake tallatawa gida-gida. Suna busar da fata ne kawai, wani lokaci su ƙona ta, ba su isa inda tsokar take.

Ta fuskar ibada, addini bai bar mai wannan larura cikin ƙunci ba. Malaman fiƙihu sun yi babin salasul bauli, wato kuɓucewar fitsari, Risalar Ibn Abi Zaid da muka tashi da ita ta ambace shi, akwai kuwa ɗan bambanci tsakanin Malikiyya da Hanbaliyyar da ake bi a nan. Ki tambayi malama ki faɗa mata yawan yadda abin ke zuwa. Abin takaici ne a ga baiwar Allah tana awa ɗaya daga Ka'aba ta ƙaurace wa ɗawafi, ko tana tsoron sahu bakwai na Safa da Marwa, wajen kilomita 3, saboda abin da audugar mata da motsa tsoka za su sauƙaƙa.

In akwai jini a fitsari, ko zafi da zazzaɓi, ko kika ji wani abu na saukowa ta gaba, ko ɗigar ba ta tsayawa ko kina barci, kada ki jira wata ukun. Ki ga likitar mata. Manyan asibitocin gari, irin su na Jami'ar Sarki Abdul'aziz, suna da masu duba wannan, Ma'aikatar Lafiya kuma tana amsa tambaya a lamba 937. Ku kuma maza, in maiɗakinku ko mahaifiyarku ta ce a kai ta asibiti ba ta faɗi dalili ba, ku ɗauki makulli ku kai ta. Wadda ta karanta wannan takarda, don Allah ta karanta wa wadda ba ta iya karatu ba.