Darasin Wannan Wata: Yadda Ake Gano Sabon Marubuci

Mutumin da ya gama ajin yaƙi da jahilci ya karɓi takardar shaida yakan ga kamar aiki ya ƙare. To, da sauran aiki. Karatu kamar fartanya yake, in aka jingine ta a bayan rumbu har damina biyu, tsatsa za ta cinye ta. Akwai waɗanda suka iya karanta wasiƙa sarai a ranar da suka fita daga aji, amma bayan shekara uku sai an karanta musu takardar asibiti. Abin da ya jawo haka shi ne rashin abin karantawa a gida.

Littafin labari yana maganin wannan, domin daɗin labari shi ke jan mutum daga shafi zuwa shafi ba tare da malami ya tsaya a kansa ba. Sai dai mai karatu da yawa marubuci ɗaya ya sani. In ya gama littattafansa sai ya tsaya, don yana tsoron ya ba da kuɗin guminsa a kan sunan da bai taɓa ji ba. Wannan darasi zai yi bayanin yadda ake gano sabon marubuci, da yadda ake auna littafinsa kafin a biya. Za a fi mai da hankali ga iri biyu da jama'a ke so, wato labarin soyayya na zamanin da, da labarin masu laifi da masu bin sawunsu.

Kowane sananne ya taɓa zama baƙo

A shekarar 1933 wani Bature mai suna Rupert East, wanda ke shugabantar ofishin fassara a Zariya, ya sa gasar rubuta labari da Hausa. Littattafai biyar suka fito daga wannan yunƙuri. A lokacin ba wanda ya san marubutansu a fagen rubutu. Abubakar Imam, mai Ruwan Bagaja, malamin makarantar Midil ne a Katsina, shekarunsa 22. Abubakar Tafawa Ɓalewa, mai Shaihu Umar, shi ma malamin makaranta ne a Bauci, tun kafin ya zama Firayim Minista. Yayan Imam, wato Malam Bello Kagara, shi ya rubuta Ganɗoki.

Mai son labarin zamanin da, daga nan ya kamata ya fara. Shaihu Umar labarin yaro ne da aka sace a zamanin cinikin bayi, aka bi da shi ta Kano, aka ƙetare hamada da shi, uwarsa kuma ta bi sawunsa tana nema. Ƙaunar da ke ciki ta uwa da ɗa ce, amma ta isa ta sa mutum hawaye. Ganɗoki kuwa ya faro ne da yaƙe-yaƙen zuwan Turawa. Sai Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin, wanda ya haɗa soyayya da laifi a tukunya ɗaya. Wani attajiri ne ya ƙwace wa saurayi budurwarsa da ƙarfin dukiya, saurayin ya ɗau fansa a kan ɗan da aka haifa, yaron ya tashi ɓarawo. Littafin ba shi da kauri, kuma Hausarsa ba ta da wuya.

Bayan shekaru aka sake yin wata gasa, wadda kamfanin NNPC na Zariya ya shirya. Ita ta fito da Hafsat Abdulwaheed, mai So Aljannar Duniya, wanda aka buga a 1980. Ita ce mace ta farko da aka buga wa littafin labari da Hausa. Gasar da Gwamnatin Tarayya ta sa kuma ta fito da littattafai a 1982. A cikinsu akwai Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, kan fasa-ƙwauri da cin hanci, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, labarin wani shugaban 'yan ta'adda mai suna Mailoma a bayan yaƙin basasar Nijeriya. Wannan na biyun yana da tsawo da zafi, ya fi dacewa da wanda karatunsa ya zauna. Wanda bai daɗe da fita aji ba, gara ya fara da Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, labarin yaron ƙauye da ya gudu birni neman arziki ya faɗa hannun miyagu. Duk wanda ɗansa ya taɓa tafiya ci-rani ya daɗe babu labari, zai ji littafin nan a jikinsa.

Akwai marubuta biyu da ya kamata ɗan ajin manya ya san tarihinsu. Ado Ahmad Gidan Dabino bai yi firamare yana yaro ba. Da girmansa ya shiga ajin manya a Kano a shekarun 1980. A 1991 ya fitar da In Da So Da Ƙauna, labarin 'yar mai kuɗi da ta ƙi kowa sai talaka, littafin da ya zaga ƙasar Hausa duka. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu kuma an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, daga baya ta ci gaba da neman ilimi da kanta. Littafinta Alhaki Kuykuyo Ne ya fito a 1990, kuma a 2012 wani kamfani a Indiya ya buga fassararsa da Turanci. Da masu karatun farko sun ce ba su san waɗannan sunaye ba don haka ba za su saya ba, da ba a kai nan ba.

Inda ake samun labarin sabon marubuci

Wuri na farko yana hannun mai karatu, wato littafin da ya gama. Mutane da yawa suna rufe littafi da zarar labari ya ƙare. Ya kamata a duba shafin godiya da ke gaba, da bangon baya. A nan marubuci ke ambaton abokan aikinsa da sauran littattafai masu fitowa. 'Yan ƙungiyar Raina Kama ta Kano, wadda Gidan Dabino da Balaraba suka yi fice a cikinta, sun riƙa jera littattafan junansu ta wannan hanya. Marubucin da aka ji daɗin aikinsa, da wuya ya yaba wa wanda bai iya ba. A sami ɗan littafin rubutu a riƙa ajiye waɗannan sunaye.

Sai mai sayar da littattafai. Kwanar Ɗangora mahaɗa ce. Motocin Kano da Zariya suna wucewa, ga kuma hanyar da ta ratsa Tudun Wada da Doguwa ta nufi Jos. Mai zuwa kasuwa ko tasha ya tsaya wurin mai shimfiɗa littattafai ya yi masa tambaya. Kada ya ce, "Ba ni mai daɗi," domin kowane ɗan kasuwa kayansa masu daɗi ne. Ya ce, "Na karanta littafi kaza na ji daɗinsa, wane ne ke rubuta irinsa?" In babu a wurinsa, ana iya ba direba ko ɗan'uwa mai shiga Kano saƙo, a rubuta masa sunan littafi da na marubuci a takarda, ya duba a kasuwar Sabon Gari inda dillalan littattafan Hausa suke.

Matan da ba sa fita kasuwa suna da tasu hanyar, kuma ta fi ta maza sauri. A gidan biki ko suna ake musayar littattafai, ana faɗin wanda ya yi daɗi da wanda bai yi ba. Mata biyar in kowace ta sayi littafin marubuci daban, kowace za ta karanta biyar da kuɗin ɗaya. Sharaɗin kawai shi ne a mayar da na aro da bangonsa, ba tare da tabon manja ba.

Rediyo ma yana taimakawa, domin tashoshin Kano sun daɗe suna karanta littattafan Hausa a shirye-shiryensu. A saurari farkon shirin, inda ake faɗin sunan marubuci. Tun daga 2016 Sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata ta mata marubuta, ana kuma karanta labaran da suka yi fice. Sabbin sunaye da yawa ta nan aka fara jin su.

Yanzu kuma ga wayar hannu. Marubuta da dama ba sa kai labarinsu maɗaba'a, sai su riƙa sakinsa kashi-kashi ta WhatsApp, wasu kuma a karanta a sa a YouTube. Akwai masu hazaƙa a cikinsu. Amma sabon mai karatu ya yi hattara da abu biyu. Na farko, yawancin rubutun waya ba wanda ya duba shi, ba a bambanta ƙafa da kafa, ko ƙasa da kasa, ana kuma haɗe kalmomin da ya kamata a raba. Wanda ya saba da wannan zai ɓata ƙa'idar da ya sha wahala ya koya a aji. Na biyu, akwai masu cusa batsa don su sami masu biya. Sauraro kuma, ko da yake yana rage dare, ba ya ƙara wa ido saurin karatu.

Yadda ake auna littafi kafin a biya

Hoton bango ba ya nuna abin da ke ciki. Sau da yawa mai zanen bai ma karanta labarin ba. A buɗe shafin farko a karanta a tsaye. In an kai ƙarshen shafi ana son a juya, alama ce mai kyau. A buɗe tsakiya kuma a ga ko bugun ya fito sosai, ko akwai shafin da ya ɓace. Sannan a tambayi littafin kashi nawa ne. Littattafan Kano da yawa suna zuwa na ɗaya, na biyu, na uku, har na huɗu, kuma marubuci yakan yanke labari daidai inda ya fi daɗi. Wanda ya sayi na ɗaya alhali na biyu bai fito ba, ya sayi wa kansa ƙishirwa.

Labarin zamanin da yana da nasa ma'auni, kuma mutanen wannan yanki sun fi 'yan birni iya amfani da shi, domin tsofaffinsu na kusa. Abin dubawa shi ne, marubucin ya san zamanin da yake magana a kai? Kafin zuwan Turawa da wuri ake ciniki. Daga baya aka shiga fam da sule da kwabo. Naira sai a 1973 ta zo. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Saboda haka in labari ya ce a zamanin harin Ningawa ake, sa'an nan saurayi ya ba budurwa toshin naira, ko ya duba agogon hannu, to marubucin bai yi bincike ba. Wanda ya iya zai nuna ganuwa da ƙofar gari da ake rufewa da magariba, da ayarin fatake da madugunsu, da zangon da suke sauka. Zai nuna yadda ake neman aure a lokacin, ta hannun iyaye da wakilai. Masoyansa ba za su yi magana kamar 'yan fim ba.

Kuma wannan ƙasa cike take da irin abin da ake gina labarin a kansa. A Bebeji aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, cikin zuriyar Agalawa masu fataucin goro zuwa Gwanja. Tafiyar takan ɗauki watanni, wani lokaci fiye da shekara, an bar mata da 'yan matan da aka yi wa baiko suna jira. A Bebeji ɗin ne kuma mutanen gari suka rufe ƙofa suka tsaya wa rundunar Turawa da ta taso daga Zariya a farkon 1903, kwanaki kaɗan kafin a ci Kano. Ga ma'aikatan haƙar kuza a Riruwai, ga garuruwan da aka tasa lokacin gina madatsar ruwa ta Tiga a farkon shekarun 1970. Mai karatu in ya ci karo da littafin da ya taɓo ɗaya daga cikin waɗannan, ya karanta wa wani dattijo shafi biyu, ya ji abin da zai ce.

Labarin masu laifi kuma ana auna shi da hankali. Marubucin kirki yakan ajiye alamu tun daga farko, kamar sawun da mai bin ɓarawon shanu ke gani a ƙasa, yadda in an kai ƙarshe mai karatu zai ce, "Ashe shi ne!" Wanda bai iya ba, in ya rasa mafita sai ya kawo mafarki ko boka ya tona asiri a shafin ƙarshe. A duba kuma ko ya san aikin hukuma, wato bambancin ɗan sanda da alƙali, da inda mai unguwa da dagaci ke shigowa. In labarin na zamanin En'e ne, 'yan doka da dogarai ya kamata a gani. Sa'an nan a lura da yadda ya ɗauki wanda aka zalunta. Mutanen Doguwa da Tudun Wada sun sha fama da 'yan fashi da ɓarayin shanu a dajin Falgore, sun san abin da ake ji in an tare hanya. Littafin da ya mai da ɗan fashi gwarzo, ya manta da mai shanun da aka bari da igiya, bai cancanci a kai shi gida yara su ɗauka ba.

In littafin farko na sabon marubuci ya yi rauni kaɗan amma Hausarsa ta yi kyau, ana iya sake gwada shi a na biyu, ta hanyar aro ko haya. In na biyun ma haka ne, a soke sunansa daga ɗan littafin rubutu a gwada na ƙasa da shi.

Aikin wannan wata

Kowane ɗalibi ya kawo littafin labari guda zuwa aji. Ya duba shafin godiya da bangon baya, ya rubuta sunayen marubuta biyu da bai taɓa karantawa ba. Malami ya haɗa sunayen a allo, a ga wanda wani a cikin aji yake da littafinsa don a yi musaya.

Bayan haka kowa ya sami wani tsoho ko tsohuwa a unguwarsu, ya tambayi abin da ake bayarwa na sadaki da lefe a lokacin aurensu, da irin kuɗin da ake kashewa. Ya rubuta amsar cikin layi biyar, ya zo da ita mako mai zuwa.