Ramin Da Ba Ya Ƙetaruwa

Abin karantawa: Luka 16:19-31

'Yan'uwa, idan aka ambaci ranar shari'a, yawancinmu wuta muke tunawa. Amma akwai abin da ya fi wuta zafi, shi ne rabuwa da Allah har abada.

Ubangiji Yesu ya ba da labarin wani mai arziki da wani matalauci mai suna Li'azaru, wanda yake kwance a ƙofar gidansa, jikinsa duk gyambo. Dukansu biyu suka mutu. Aka kai Li'azaru wurin Ibrahim, mai arzikin kuwa ya sami kansa cikin azaba. Ya roƙi ɗigon ruwa kaɗai, bai samu ba. Ibrahim ya nuna masa akwai babban rami tsakaninsu, ba mai ƙetarewa daga nan ko daga can.

Ku lura, ba a ce mutumin nan ɓarawo ne ko mai kisankai ba. Ya ci, ya sha, ya manta da Allah, ya tsallake maƙwabcinsa kowace safiya. Tun yana da rai ya haƙa ramin, mutuwa ta tabbatar da shi.

A duniyan nan ko mai ƙin Allah yana cin alherinsa. Rana tana fito masa, damina tana sauka a gonarsa (Matta 5:45). Amma Bulus ya koya mana cewa hukuncin ƙarshe shi ne a raba mutum da fuskar Ubangiji (2 Tassalunikawa 1:9). Inda ba Allah, ba haske, ba ƙauna, ba bege.

Masu bi sun daɗe suna bincike a kan wannan. Orijin, malamin Iskandariya a ƙarni na 3, ya sa rai a ƙarshe kowa zai komo wurin Allah. Agustin, bishop na Hippo a Afirka ta Arewa, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya ƙi wannan. Ya ce a Matta 25:46 kalma ɗaya ce ta auna tsawon rai da tsawon hukunci. In ɗaya ba shi da iyaka, haka ɗayan. Yawancin ekklesiyoyi a kan wannan suke. Waɗansu kuwa suna koyar da cewa marasa tuba za su hallaka sarai, su ƙare. Amma su ma sun yarda ba komowa.

Allah ba ya jin daɗin mutuwar mugu (Ezekiyel 33:11). Domin haka ya aiko Ɗansa, wanda ya ɗanɗana rabuwan nan a bisa gicciye a madadinmu.

Mai arzikin ya tuna da 'yan'uwansa biyar bayan lokaci ya wuce. Da na sani ƙeya ce. Kai mai karatu, ka tuba ka gaskata yau, ka kuma faɗa wa naka tun kana da baki.

Tambayoyi
1. Mene ne zunubin mai arzikin?
2. Wane ne Li'azarun da ke ƙofarka?
3. Su wane ne 'yan'uwanka biyar?