Gida a Gonar Gado, Aiki a Kantin Kwari

Tambaya: Ni yaron shago ne a Kantin Kwari, ina haya a Kurna da iyalina, ga shi an sake ƙara mini kuɗin haya. Muna da gonar gado a ƙasar Dawakin Tofa. 'Yan'uwa sun ce a yanka ta fuloti-fuloti a sayar, ni kuma in gina kasona in riƙa zuwa kasuwa daga can. Dabara ce?
Daga wani mai karatu, Kurna, Kano.

Amsa: Malam, Allah ya rufa asiri. Kafin ka amsa wa 'yan'uwa, nemo takarda da biro.

Kuɗin haya sau ɗaya yake zuwa a shekara, shi ya sa yake da zafi. Kuɗin mota kuwa kullum yake yago, ɗari biyar nan, ɗari uku can, har mutum bai san ya tafi ba. A ce zuwa da dawowa daga ƙauyenku zai ci maka naira 2,000: ɗan acaɓa ya fito da kai bakin titin Katsina, ka hau mota, ka sauka ka tari adaidaita sahu, tunda an hana acaɓa a cikin birni tun 2013. Kwana 26 a wata, naira 52,000 ke nan, a shekara 624,000. Ajiye wannan kusa da hayar Kurna ka gani. Kuma kada ka yi lissafi da farashin yau kawai. Kafin 29 ga Mayun 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 a hukumance ba; da aka cire tallafi, cikin kwanaki ta haura 500, a ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Waɗanda suka gina a Bachirawa da Rimin Kebe da bayan Dawanau, da lissafin man araha suka gina.

Sai abin da dillali ba zai faɗa maka ba. Yawancin filayen nan awon igiya ne, ba su bi ta hannun hukumar tsara birane ta KNUPDA ba. Lungu da ƙyar kurar ɗan garuwa take wucewa, babu kwata, babu filin makaranta ko asibiti, don kowane taku an sayar. Ruwa saye, wuta sai kun yi karo-karon turaku. Ran da naƙuda ta tashi da tsakar dare a watan Agusta, hanya ta zama taɓo, nan za ka san ko arha tana ado.

Gonar ce ta fi tsaya mini a rai. Ƙasar nan taku, daga Ungogo zuwa Minjibir da Dawakin Tofa, ba ƙasar banza ba ce. Masani Michael Mortimore ya yi nazarinta tun shekarun 1960, abin da ya ja hankalinsa kuwa shi ne yadda jama'a suka yi yawa, ana noma gona ɗaya kowace damina ba hutu, amma ba ta mutu ba. Sirrin taki ne: jakuna su kai itace birni, su dawo da mangala cike da shara da kashin dabbobi, ga gawo da ɗorawa tsaye a tsakiyar gero. Kakanninku ne suka yi wa ƙasar nan kitse da hannunsu. Bulo ya hau ta, shi ke nan, gero da wake da harawar da take ba ku duk sai kun auno a kasuwar Dawanau. Wannan ma ka sa shi a takardar.

Ban ce gida na kanka ba alheri ba ne; wanda ya taɓa karɓar takardar tashi ya san haka. Kuma rabon gado haƙƙi ne, ba za ka hana 'yan'uwa nasu ba. Amma kana iya karɓar kasonka ƙasa, ka bar shi gona, ka ba wani aro ko jingina. In ma ginin za ka yi, zaɓi gefen da ya fi kusa da kwalta, a sa dagaci da shaidu, a rubuta, a fitar da hanya kafin a kafa turke ko ɗaya.

Sannan ka gwada. Damina mai zuwa ka koma ɗakin wani ɗan'uwa a ƙauyen na wata guda, kana zuwa Kwari kullum, kana rubuta abin da ka kashe, da ƙarfe nawa ka isa shago, da yadda fuskar ubangidanka take idan ka iso.