Gazuwal abincin mota ne, kuma man shafawarta ne

Darasinmu na yau a kan gazuwal ne. A nan Gure, motocin ɗaukar kaya irin su Hilux da Land Cruiser ne ke kai mu kasuwannin Subdu da Gidigir. Su ne ke ratsa rairayi zuwa Taskar. Idan mota ta tsaya a daji, dabbobi ba su kai kasuwa ba, marar lafiya bai kai likita ba.

Aiki biyu na gazuwal

Kowa ya san gazuwal yana ƙonewa ya ba mota ƙarfi. Amma yana da aiki na biyu. A jikin inji akwai fanfon mai, wanda ke tura gazuwal da ƙarfi zuwa ƙananan bakunan feshi. Ƙarafan cikin fanfon suna gugar juna dare da rana. A yawancin waɗannan motoci, baƙin man inji ba ya isa wurin. Santsin gazuwal ne kawai ke shafe su, kamar yadda mai ke hana gatarin amalanke kuka.

Mece ce farar wuta?

Ɗanyen mai yana fitowa daga ƙasa da farar wuta a cikinsa, irin wadda muke gani a kasuwa. Idan ta ƙone, hayaƙinta yana cutar da huhu, yana kuma cin ƙarfen inji. Shi ya sa ƙasashe suka rage ta. A Turai, tun 2009 ba a yarda ta wuce giram 10 cikin kilo 1000 na gazuwal ba. A 2020 ƙungiyar CEDEAO, lokacin Nijar tana cikinta, ta tsayar da giram 50. Wato tano mai litar 200 yana ɗauke da kamar giram 8 kawai.

Wannan abu ne mai kyau, amma yana da sharaɗi. Wankin da matata ke yi don cire farar wuta yana tafiya da wani ɓangare na santsin man. A ƙasar Suwidin, a 1991, fanfunan motoci da yawa sun lalace saboda haka. Daga nan masu tace mai suka koyi zuba wani magani da ke mayar da santsin kafin a sayar. Saboda haka gazuwal mai tsabta ba abin tsoro ba ne. Abin tsoro shi ne abin da hannun mutum ke ƙara masa a hanya.

Mu a jihar Damagaram muna da matatar SORAZ, wadda aka buɗe a watan Nuwamba na 2011, tana tace man Agadem. Amma ana kuma sayar da mai a bido da kwalba a bakin hanya, wanda ba a san inda ya bi ba.

Abokan gaban fanfo

Kananzir da esansi ba su da santsin gazuwal. Idan an gauraya su, ƙarfe yana cin ƙarfe. Ruwa yana kawo tsatsa. Ƙura da rairayi suna karce fanfo. Alamun ciwon su ne: mota tana wuyar tashi da safe, ƙarfinta ya ragu a tudun rairayi, hayaƙi ya yi yawa.

Abin da ya kamata mu yi

1. Mu sayi gazuwal a gidan mai da muka sani.
2. Kada mu zuba kananzir ko esansi a cikinsa.
3. Kada mu zuba tsohon baƙin mai da sunan ƙara santsi, yana toshe bakunan feshi.
4. Mu rufe tano da kyau, mu bar shi ya kwana kafin mu ɗiba, kada mu ɗebi na gindi.
5. Mu zubar da ruwan da ke taruwa a ƙarƙashin matacin mai, mu canza matacin a kan lokaci.
6. Kada mu bar tanki ya ƙafe, domin fanfo ba ya son aiki a bushe.

Wannan shawara ta shafi injin niƙa mai aiki da gazuwal. Araha ba ta ado: kuɗin sabon fanfo ya fi ribar man bakin hanya nesa ba kusa ba.

Tambayoyi

1. Wane aiki na biyu gazuwal yake yi?
2. Don me ake rage farar wuta?
3. Idan tano ɗaya yana da giram 8, giram nawa ke cikin tano 5?