Bayanai sun iso, shafi kuma wayam: ina matsalar take?

Wani ɗalibi mai koyon JavaScript ya kawo mini kukansa: ya rubuta shirin da ke ɗauko farashin kaya daga saba, bayanan suna zuwa, amma shafin fari fat, ko harafi ɗaya babu. Har ya yi niyyar goge aikin ya sake sabon lale. Na ce masa kul, kada ya taɓa layi ɗaya sai ya gano inda bayanan suka maƙale.

Idan ka tsinci kanka a wannan hali, danna F12 a Chrome ko Firefox, ka buɗe sashen Network, ka sake loda shafin. Lamba 200 na nufin saba ta amsa. Sai ka leƙa Console. Jan rubutu mai ambaton CORS yana nufin burauza ta karɓi amsar amma ta hana shirinka taɓa ta, kuma gyaran wannan a wajen saba yake.

Sau da yawa dai matsalar ta lokaci ce, kuma nan nake so ka natsu. Umarnin fetch ba ya miƙo bayanai nan take. Alƙawari yake ba ka, wanda ake kira Promise. Kamar ka aiki yaro kasuwa cefane ne, ka hau raba miya tun bai dawo ba. Layin da ke zana teburin farashin yana riga amsar isowa, sai ya zana fanko. Sa await kafin fetch, ka kuma sa wani kafin response.json(). Wannan na biyun shi aka fi mantawa, ni ma ya sha ɓata mini dare.

Akwai kuma wata gaggawar: idan shirin yana cikin head, zai gudu tun burauza ba ta gina wurin da za a zuba bayanan ba, sai getElementById ya dawo da null. Ƙara defer, ko ka mai da shirin ƙarshen body. Ka kuma duba rubutun sunan da ka ba getElementById, domin "farashi" da "Farashi" ba ɗaya ba ne.

Idan duk wannan lafiya, sa console.log ka ga siffar abin da ya zo da idonka. Wataƙila kana jiran jeri kai tsaye, alhali saba ta naɗe shi cikin wani suna kamar results. Matsalar wancan ɗalibin ke nan. Kalma ɗaya ya ƙara teburin ya cika.

Don Allah ka riƙa gyara abu ɗaya ka gwada, kafin ka taɓa na gaba.