TSIRON DA BA RUWANSA DA ƘASA

Tun muna firamare aka koya mana cewa tsiro yana bukatar ƙasa da ruwa da hasken rana. To, a nahiyar Amurka akwai wani tsiro wanda ba ya taɓa ƙasa. Masana suna kiransa Tillandsia usneoides. Faransawan da suka zauna a Luwiziyana su ne suka laƙaba masa suna "gemun mutumin Sifen", don yana rataye a kan rassa kamar dogon gemu mai furfura. Masu Turancin Ingilishi kuma suka ce gansakukar Sifen. Amma shi ba gansakuka ba ne, ba kuma daga Sifen ya fito ba. Ɗan'uwan abarba ne, danginsu ɗaya.

Inda yake fitowa

Ana samunsa daga kudu maso gabashin ƙasar Amurka, ta Meziko, har zuwa Ajantina da Cile. Yana son wuri mai ɗumi da laima, kusa da koguna da fadamu. Igiyarsa kan kai tsawon mita 6. Irinsa a cikin jinsin Tillandsia sun kai wajen 650. Masanin tsirrai Linnaeus ne ya ba jinsin wannan suna don tunawa da Elias Tillandz, wani malamin jami'ar Turku ta ƙasar Finlan wanda ya rasu a 1693. A da can mutanen Luwiziyana da Fulorida sukan tara shi su sarrafa, su cusa zarensa cikin katifa da kujerun mota.

Shin kauci ne?

Wannan ita ce tambayar da ɗalibai suka fi yi mini. Mun san kauci a kan kaɗanya da ɗorawa, yadda yake huda reshe yana tsotse ruwan itacen. Gemun Sifen ba haka yake ba. Ba shi da saiwa ko ɗaya. Wurin zama kurum yake aro, shi ya sa yakan rayu ko a kan waya ko shinge. Jikinsa a rufe yake da ƙananan ɓawo masu launin toka. Su ne suke kama ruwan sama da raɓa, tare da abincin da ke cikin ƙura da wanda ruwa ya wanko daga ganyen itace. Idan ya jiƙe sai ya koma kore, idan ya bushe ya dawo toka-toka. Har wa yau, da dare yake buɗe ƙofofin ganyensa ya shaƙi iska, da rana ya rufe su don kada ruwan jikinsa ya ƙare.

Yadda ake kula da shi

Wanda ya gane wannan ya gane rabin aikin. Yawancin waɗanda tsiron ya mutu a hannunsu, sun kashe shi ne da irin kulawar da ake yi wa tumatir.

1. Kada a binne shi a ƙasa ko a tukunya. A rataye shi a reshe ko igiya. A guji wayar tagulla, gama guba ce gare shi.
2. A ba shi haske mai yawa, amma ba zafin ranar tsaka ba. Inuwar itace mai ratsin haske ta fi.
3. Sau ɗaya a mako a tsoma shi cikin ruwa na minti 20 zuwa 30. Ruwan sama ya fi kowane, domin ruwa mai gishiri ko kanwa yana toshe ɓawon nan.
4. Bayan an tsamo shi, a kakkaɓe, a rataye inda iska ke kaɗawa ya bushe cikin awa 4. Ruwan da ya kwana a jikinsa shi ke ruɓar da shi.
5. A wuri mai busasshiyar iska, kamar namu lokacin hunturu, sai an riƙa yayyafa masa ruwa kullum.

Yaɗa shi ba wuya. A tsinke igiya ɗaya a rataye dabam, za ta ci gaba da girma. A daji ma iska da tsuntsaye masu saƙar sheƙa ne suke yin wannan aiki. 'Yan'uwansa masu kama da kan abarba, irin su Tillandsia ionantha, sukan yi fure sau ɗaya, sa'an nan su fid da 'ya'ya a gindi kafin uwar ta mutu. A bar ɗan ya kai sulusin girman uwar kafin a raba su.

Ɗalibai, kafin ku shuka kowane abu, ku fara tambaya: daga ina ya fito, kuma yaya yake ci da sha a can?

Tambayoyi
1. Mene ne bambancin gemun Sifen da kauci?
2. Don me yake buɗe ƙofofin ganyensa da dare?
3. Me zai faru idan aka binne shi a tukunya?