Yadda Ake Gano Abin Da Ya Hana Windows Hawa Kan Kwamfutar Gida

Idan ɗora Windows ya cije, yawancinmu kan kashe kwamfutar, mu kunna, mu sake daga farko da filashin nan dai, a kafar USB ɗin nan dai. Idan abin ya ƙi, sai rai ya ɓaci, a goge rumbun ajiya gaba ɗaya, ko a ce kwamfutar ta mutu. Duka biyun gaggawa ce. Ɗora babbar manhaja aiki ne hawa-hawa: kwamfuta za ta tashi daga filashi, ta duba ko ta cika sharuɗɗa, ta nemi rumbun da za a zuba fayiloli, ta kwafe su, sannan ta sake kunnuwa ta tsaya da ƙafafunta. Matakin da aikin ya tsaya shi ke nuna inda cutar take. Saboda haka kafin ka taɓa komai, ɗauki wayarka ka ɗauki hoton allon. Idan akwai lambar kuskure, irin mai farawa da 0x, ka tabbata ta fito sarai a hoton. Ka kuma lura da kashi nawa cikin ɗari aikin ya kai kafin ya tsaya.

Sai ka tambayi kanka: akwai abin da nake so a cikin kwamfutar nan? Hotunan biki, takardun makaranta, lissafin shago, aikin digiri na yaro. Windows ana sake saukewa, waɗannan kuwa idan suka tafi sun tafi. Ko da tsohuwar manhajar ta daina tashi, fayilolin na nan muddin ba a goge rumbun ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ka sa Linux Mint ko Ubuntu a wani filashi, ka tashi kwamfutar daga shi ba tare da ka ɗora komai ba, ka buɗe rumbun ka kwashe kayanka zuwa wani wuri. Idan rumbun a kulle yake da BitLocker, sai ka nemo mabuɗinsa mai lambobi 48, wanda galibi yana ajiye a asusun Microsoft na wanda ya fara saita kwamfutar. Ka nemo shi tun kafin ka sauya wani abu a BIOS, wato shafin saitin asali na kwamfutar, domin sauyin kansa yana iya sa kwamfutar ta nemi mabuɗin.

Yanzu sai bincike, kuma da filashi ake farawa. Shi ne mafi araha a cikin abubuwan da ake zargi, kuma sau da yawa shi ne mai laifin. Kasuwanninmu cike suke da filashin jabu, wanda aka rubuta 64GB a jikinsa alhali ainihin cikinsa bai kai rabin haka ba. Irin wannan zai karɓi fayil ba musu, ya nuna maka sunansa da girmansa, amma abin da ya wuce iyakarsa ya lalace. Araha ba ta ado. Akwai ƙaramar manhaja kyauta mai suna H2testw da ke cika filashin da bayanai sannan ta karanto su, ta faɗa maka gaskiyar girmansa. Tana cin lokaci, amma ta fi ka kwana kana zargin kwamfutar da ba ta yi komai ba.

Ko filashin na gaske ne, fayil ɗin ISO na Windows da ka sauke yana iya zama gurgu. Na Windows 11 ya haura 5GB, kuma wanda ke saukewa da datar waya ya san yadda layi ke yankewa a tsakiya. Microsoft na wallafa lambar SHA-256 ta kowane ISO a shafin saukewa. Ka buɗe PowerShell a wata kwamfutar, ka rubuta Get-FileHash tare da sunan fayil ɗin, ka gwada lambar da ta fito da tasu. Harafi ɗaya ya bambanta, fayil ɗin ya lalace, sai a sake saukewa. Kada kuma ka kwafe fayilolin ISO da hannu zuwa filashi mai tsarin FAT32, domin wannan tsarin ba ya ɗaukar fayil guda da ya wuce 4GB, kuma babban fayil na cikin ISO, install.wim, yakan wuce haka. Ka bar Media Creation Tool na Microsoft ko Rufus su shirya maka filashin, mai girman 8GB ko fiye. A nan ina da magana guda da nake jaddadawa: ka guji Windows ɗin da wani ya yi wa kwaskwarima, aka ce an rage mata nauyi ko ta zo a buɗe ba sai da lasisi ba. Ba ka san me aka cire ba, ba ka san me aka cusa ba, kuma a kan wannan kwamfutar za ka shiga asusun bankinka.

Idan kwamfutar ta ƙi tashi daga filashin, sai ta wuce kai tsaye zuwa tsohuwar manhaja ko ta tsaya a baƙin allo, matsalar ba ta da girma. Kowane kamfani da maɓallinsa na zaɓen inda za a tashi. A HP ana danna Esc sannan F9, a Dell da Lenovo F12, a Asus kuma Esc. Da ka danna maɓallin kunnawa za ka fara bugunsa, ba sai tambarin kamfani ya wuce ba. Idan filashin bai fito a jerin ba, sauya masa kafa. A kwamfutar tebur ka yi amfani da kafofin baya, waɗanda ke manne da babban allon ciki. Haka nan idan saitin Windows ya buɗe amma ya ce ya rasa direban wata na'ura tun kafin a fara komai, galibi sauya kafa ko sake shirya filashin ke magance shi.

Mataki na gaba shi ne inda Windows 11 ke cewa kwamfutar ba ta cika sharuɗɗa ba. Tun fitowarta a 2021 take neman TPM 2.0, da UEFI mai iya Secure Boot, da RAM 4GB, da rumbu mai 64GB, da kuma furosesa ta zamani, wato a Intel daga ƙarni na 8 zuwa sama. Sau da yawa TPM ɗin yana nan, a kashe kawai yake. Ka shiga BIOS, da F10 a HP, F2 a Dell, F1 a ThinkPad, ka nemi sashen tsaro. Intel na kiran nasa PTT, AMD kuma fTPM. Ka kunna, ka adana, ka fita. Amma da yawa daga cikin kwamfutocin hannu da ake shigo mana da su daga Turai da Amurka sun girmi wannan sharaɗi. Rufus na iya tsallake binciken, Windows 11 ta hau, sai dai Microsoft ta ce ba ta ɗauki alkawarin sabuntawa ga irin wannan kwamfuta ba. Windows 10 kuwa an rufe tallafinta na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba, 2025. A ganina, tsohuwar kwamfutar da aikinta bai wuce rubutu da intanet da kallo ba, Linux Mint ta fi dacewa da ita a kan a tilasta mata abin da ba za ta iya ɗauka ba.

Wurin zaɓen rumbu shi ne inda aka fi yin asara, don haka a nan sai an natsu. Abu biyu ke faruwa. Na farko, jerin ya fito wayam, babu rumbu ko ɗaya. Kafin ka ce ya mutu, duba ko BIOS na ganinsa. Idan yana gani, to direba ce ta ɓace. Wannan ya zama ruwan dare a kwamfutocin Intel na ƙarni na 11 zuwa sama, saboda wani tsari da ake kira VMD. Ko dai ka sauke direban Intel RST daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, ka sa a filashi, ka nuna wa saitin ta maɓallin Load driver, ko ka kashe VMD a BIOS. A kwamfutocin Dell da dama, mayar da saitin rumbu daga RAID zuwa AHCI ke fito da shi. Ka dai sani cewa wannan sauyi yana iya hana tsohuwar Windows tashi, shi ya sa aka ce ka fara kwashe kaya.

Na biyu, rumbun ya fito amma saitin ya ƙi shi, yana ambaton GPT ko MBR. Waɗannan hanyoyi biyu ne na tsara rumbu. MBR tsohon tsari ne da ke tafiya da tsohon salon tashi na BIOS, GPT kuma na tafiya da UEFI. Idan saƙon ya ce rumbun GPT ne, to ka tashi filashin ta tsohuwar hanya ne. Babu abin gogewa. Koma jerin tashi, za ka ga sunan filashin sau biyu, ka zaɓi wanda aka rubuta UEFI a gabansa. Idan kuwa ya ce rumbun MBR ne, kuma Windows 11 kake so, dole a mayar da shi GPT. Danna Shift da F10 tare, baƙar taga za ta buɗe. Rubuta diskpart, sannan list disk. Rumbunan za su jeru da lambobi da girmansu, har da filashin da ke jikin kwamfutar. Dubi girman da kyau, kada lamba ta ruɗe ka, domin ba kullum rumbun ciki ke zama 0 ba. Sai select disk da lambarsa, sannan clean, sannan convert gpt. Umarnin clean ba ya tambayar ko ka tabbata. Da ka danna Enter duk ɓangarorin rumbun sun ɓace, har da wanda ka ware don ajiya. Idan kwamfutar tebur ce mai rumbu biyu, zare wayar na biyun kafin ka fara. Hakan na kare kayanka, kuma yana kawar da kuskuren 0x80300024 da rumbuna biyu kan jawo.

Idan an fara kwafe fayiloli sai aikin ya yanke da 0x8007025D ko 0x80070570, ma'anarsa abin da aka karanto bai yi daidai da abin da ya kamata ba. Masu laifi uku ne: filashi, RAM, ko rumbu. Ka gwada wani filashin daban. Idan kullum a wuri guda yake tsayawa, filashin ko ISO ne abin zargi. Idan yau ya tsaya nan, gobe can, ko allo ya koma shuɗi, sai a waiwayi RAM. Kashe kwamfutar, zare caja, cire batir idan mai cirewa ne, buɗe murfin ƙasa. Ture ƙarafan nan biyu da ke riƙe da RAM ɗin zuwa gefe, zai ɗago da kansa. Riƙe shi ta gefuna, ka goge haƙoransa masu ruwan zinare da kilina ta fensir a hankali, ka hure ƙurar, ka mayar da shi a karkace ka danna har ka ji ƙas. Idan guda biyu ne, gwada da ɗaya, sannan da ɗayan. MemTest86 na tabbatar da lafiyarsa, kuma kuskure ko ɗaya ya isa a canza shi. HP da Dell suna da gwajin kansu na RAM da rumbu: a HP ana danna F2, a Dell kuma yana cikin jerin F12. Rumbun da ke ƙas-ƙas ko ya faɗi wannan gwaji ya gama yayi. Kada ka ɓata lokaci a kansa, sayi SSD, kwamfutar ma za ta fi sauri.

Kwamfutar da ke mutuwa ɗif ana tsakiyar aiki, ba saƙo ba lamba, zafi ne ko wuta. Ƙurar hunturu na toshe fanka, ɗora manhaja kuma aiki ne mai sa furosesa gumi. Ɗora ta a kan tebur, ba katifa ko darduma ba, ka sa hannu ka ji ko iska na fita. Batun wuta kuwa, kada ka fara da mataccen batir kana dogaro da wutar gari. Jira a tada janareto, ko ka je inda ke da sola.

Da zarar kwamfuta ta gama kwafewa ta sake kunnuwa, wasu kwamfutocin kan koma filashin su nuno shafin farko, mutum ya zaci aikin ya rushe ya sake daga tushe. Zare filashin kawai, ta ci gaba. Idan ta nemi intanet kuma ba ta ga Wi-Fi ba, haɗa wayarka da kebul ka kunna raba data ta USB. Idan an haɗa amma ta ƙi shiga asusu, duba kwanan wata. Ƙaramin batirin da ke riƙe agogo, wanda a kwamfutar tebur galibi CR2032 ne, idan ya mutu kwamfutar kan koma shekarun baya, shafukan intanet masu tsaro kuma su ƙi amincewa da ita.

A duk wannan, abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda, a gwada, a rubuta sakamako. Wanda ya sauya filashi da RAM da saitin BIOS a tare, ko an dace bai san me ya gyara ba, idan ba a dace ba kuma ya ƙara wa kansa ruɗani. Idan ka bi matakan nan abin bai yiwu ba, mai yiwuwa matsalar a babban allon ciki take, wannan kuma aikin mai gyara ne. Ka je masa da hoton lambar kuskuren da jerin abin da ka gwada, kuma ka gaya masa tun a bakin shago cewa kada ya goge rumbun sai ka ga fayilolinka da idonka a wani wuri.